Jan Ɗigo

Lubor Kvapil ya sake buga ƙofar shagon, sannan ya manna fuskarsa a gilashi, ya kare rana da tafin hannu. Yana hango Hynek Bureš can a ƙurya, zaune kan kujerar aiki, yana tsoma burodi cikin kofi kamar ba da shi ake ba.

"Ban buɗe ba," in ji Hynek daga ciki, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ga ka nan a zaune, tsoho."

"Ai ban ce ba na nan ba. Cewa na yi ban buɗe ba."

Sai da ya shanye kofin tas, ya goge gashin baki, sannan ya taso yana jan silifas ya zare sakata. Haka Hynek yake. Shi ne maƙerin bindigar da duk 'yan kulob ɗinmu na harbi suke kai wa aiki a unguwar Husovice, kuma kaf birnin Brno babu mai hannu irin nasa, babu kuma mai nawa irin tasa. Lubor ya shige ta ƙarƙashin hammatarsa tun ƙofar ba ta gama buɗewa ba. Ya tambaya ko an gama, ya duba agogo, ya sake tambaya, ya ɗauki wani magagari a kan tebur ya juya shi ya ajiye a inda ba nan ya same shi ba. Hynek ya mayar da magagarin mazauninsa, ya ce masa ya zauna kafin ya fasa wani abu.

Duk mun san ƙaramar bindigar nan ta Lubor. Ta fi shekara goma sha a hannunsa, baƙa, ta ƙarfe zalla, ƙirar ƙasarmu, kuma da ita ya ciwo kofunan da ke jere kan kabad ɗin matarsa Jarmila. Amma tun kakar bara bindigar ba ta huta ba. Ya fara da cewa kunamar ta yi tauri, Hynek ya goge ta ya sassauta ta har ta koma kamar man shanu. Harsasai suka ci gaba da watsewa. Ya ce to sifirin da ke cikinta ne, aka sauya. Ya ce mariƙin yana zame masa, aka sa masa na alminiyam mai kaushi, ruwan shuɗi, wanda har mata ke tsayawa kallo. Ya ce bututun ya cinye, alhali bututun nan ko jikansa ba zai cinye shi ba. Daga baya ya sa aka yi ta dukan ƙarfen saiti na baya da 'yar guduma, yau a tura shi hagu, jibi a dawo da shi dama. Mu dai muna gefe muna dariya, muna cewa saura ya sa mata rediyo da kujerar fasinja.

Abin da ba mu sani ba, wanda ko Jarmila ba ta sani ba, shi ne tun lokacin wani tabo ya zauna a tsakiyar idon Lubor na dama. Toka-toka ne, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. In ya buɗe idanu biyu ba ya ganinsa sosai, don na hagun yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. In ya rufe na hagu kuwa, duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya narke, gefe-gefen kawai ke saura. Lubor direban taragon lantarki ne da ke bi ta cikin gari, aikin da ya shiga tun gashinsa yana baƙi, kuma kaɗan ya rage masa ya kai fansho. Ya san sarai abin da likitan ma'aikata zai yi in ya ji labari. A ranar za a sauke shi daga kujerar tuƙi, a ba shi rigar duba tikiti ko a ce ya je gida ya yi ta ban ruwan tumatir. Lasisin bindigar ma da sa hannun likita yake tsaye. Tsoro yake ji, tsoro mai hana barci, kuma maimakon ya kai idon asibiti sai ya yi ta kai bindigar wurin maƙeri.

Ga yarjejeniyar da ya ƙulla da kansa. Ya ji an ce sabon madubin saitin nan mai jan ɗigo, wanda ake ɗorawa a saman bindiga, da idanu biyu a buɗe ake harbi da shi, babu ƙyafta ido, babu lalube. To za a sa masa. In harsasai suka shiga baƙin tsakiya, ke nan idon lafiyarsa lau, tsufa ne kawai da gajiya. In ba su shiga ba, sai ya san abin yi. Wannan kashi na biyun bai taɓa tsayawa ya yi tunaninsa har ƙarshe ba.

Hynek ya ciro bindigar daga akwatin ƙarfe, ya zare gidan harsashi, ya ja ya nuna masa cikinta babu komai, kamar yadda ake yi ko da uwarka ce ta miƙo maka. Sannan ya shimfiɗa ta a kan ƙyalle. Aikin ya yi kyau, wannan ba a magana. Ya yanke saman ƙarfen da inji daidai wa daida, ya zaunar da madubin ƙasa-ƙasa kamar da shi aka ƙera ta, ya sake baƙanta wurin yankan har ba ka gane inda tsohon launi ya tsaya. Ya tuna wa Lubor cewa ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa, kuma ya faɗa masa haka tun kafin ya kunna inji.

"Ba kai ne kake kiran abin nan tabarau na tsofaffi ba?" in ji shi. "Bara har kuka ka kusa sa likitan haƙorin nan na kulob ɗinku a gaban mutane don ya ɗora irinsa."

"Bara ce ta wuce. Mu sauka ƙasa."

Wayar Lubor ta yi ƙara suna kan matakala. Jarmila ce. Tana so ya biyo da burodin hatsi mai algaru in ya tashi aiki, kuma kada ya manta ranar Lahadi suna cin agwagwa a gidan ƙanwarta. Sannan ta ce ta ga tabon giya a kan ƙyallen tebur, ya sake zubawa a gefen kofi ke nan jiya, wai shi me ke damunsa ne kwanan nan. Ya ce babu komai, kofin ne ƙarami, yana sauri, sai an jima. Ya kashe tana cikin magana, abin da ba halinsa ba ne.

Ɗakin gwajin Hynek dogon lungu ne a ƙarƙashin shagon, mai sanyi, yana warin albarushi da danshi. Suka sa abin toshe kunne. Hynek ya maƙala sabuwar takarda mai baƙin da'ira a tsakiya, ya danna maɓalli ta zarce can ƙarshen lungun. Lubor ya loda, ya gyara tsayuwa, ya sauke numfashi, ya ɗaga bindigar zuwa idonsa na dama kamar yadda ya yi sau dubbai.

Babu ɗigo. Ga firam ɗin madubin, ga takardar can, amma gilashin wayam.

Ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya karkata hannu sama, ya karkata ƙasa. Ya cire abin kunnen gefe ɗaya ya ce batirin ya mutu, an sayar wa Hynek tsohon kaya. Hynek ya ce shi da hannunsa ya ɓare batirin daga leda jiya da yamma. Lubor ya ce to wayar ciki ce ta tsinke wurin ɗaure kusoshi, dama ya san za a yi haka, mutum ya bar kayansa mako guda a dawo masa da shi makaho. Hynek ya karɓi bindigar, ya sauko da tabarau daga goshi, ya leƙa, ya harba kaɗan a natse. Daga nan ma kana ganin ramukan sun haɗe a cikin baƙin. Ya miƙa masa.

"Yana ci. Har ya yi haske da yawa, na rage shi."

Lubor ya sake ɗagawa. Wannan karon ya girgiza bakin bindigar da gangan, sai ya ga abin. Wani jan haske ya gilma a gefen gilashin, ƙarami, mai kyau. Ya jawo shi a hankali zuwa tsakiya, inda ya kamata ya zauna a kan baƙin takardar, sai ya ɓace. Ya kauda hannu, ya fito. Ya dawo da shi, ya ɓace. Ya yi ta yin haka, hannuwansa suna gajiya, gumi yana bin bayansa duk da sanyin ɗakin.

Hynek ya matso ya yi magana daidai kunnen da ke buɗe. Ya ce kada ya sauya hannu, ya dai ɗan juya kansa, ya kawo madubin gaban idon hagu.

Ɗigon yana nan, ja wur, zaune daram a tsakiyar gilashi. Lubor ya ja kunamar, ya sake ja, ya yi ta ja har bindigar ta tsaya da kanta babu harsashi. Da takardar ta dawo, babu rami ko ɗaya a wajen baƙin. Rabonsa da harbi irin wannan tun kafin kaka.

"Ka gani?" in ji shi, yana dariyar da ba ta yi kama da tasa ba. "Na faɗa muku saitin ne."

Hynek ya karɓi bindigar, ya duba cikinta, ya ajiye. Ya daɗe yana goge tabarau da gefen riga.

"Tun yaushe, Lubor?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka mai da ni yaro. Tun ranar da ka sa ni dukan saitin nan hagu da dama na fara zargi, na ce ba ruwana, mutum da kayansa. Da na tambaye ka a lokacin da ban yanke ƙarfe mai lafiya a banza ba. Yau kana da aiki?"

Lubor ya ce yana da shi, da rana. Ya ce idon hagunsa ya fi na saurayi, ga shaida nan a takarda, kuma tarago ba da ido ɗaya ake tuƙa shi ba. Ya ce tsawon shekarun nan ko madubin motar wani bai taɓa gogewa ba. Hynek ya ce duk gaskiya ne, kuma shi ba zai kai ƙarar kowa ba, ba aikinsa ba ne. Ya ce shi dai abin da ya sani, matarsa layin Lubor take hawa in za ta kasuwar kayan lambu, kuma ita ba ta duba hanya in za ta tsallaka, ƙararrawar direba take dogara da ita.

Wannan maganar ce ta ɓata wa Lubor rai. Ya ce shi gyaran bindiga ya zo, ba wa'azi ba. Ya fizge takardar daga maƙalinta, ya ninke ya cusa a aljihun ƙirji. Hynek ya ce ya bar bindigar a nan tunda aiki zai wuce, dama yana so ya sake duba kusoshin bayan harbin farko. Lubor ya haye matakala bai yi sallama ba.

Da sauran lokaci kafin ya karɓi aiki, amma ya kasa zama ko'ina. Ya sayi tsiren alade da mastad a rumfar bakin gada, ya ci rabi a tsaye, ya ba tattabaru sauran burodin. Ya shiga kantin magani ya tsaya gaban maganin ɗigawa a ido, mai kantin ta tambaye shi me yake so, ya ce yana dubawa ne kawai, ya fita. Duk allon da ya gani a hanya sai ya karanta shi da ƙarfi a ransa, da idanu biyu, har ƙananan rubutun ƙasa. Hannunsa yana ta son ya tashi ya rufe idon hagu, yana mayar da shi aljihu. Ai an yi yarjejeniya, kuma harsasai sun shiga baƙi. Ba a ce da wane ido ba.

A daffo, inda ake ajiye taragu, ya tarar da direbobi suna shan kofi a bakin tagar Blanka, wadda ke raba taragu tana kuma zama kan oba-oba. Blanka mace ce mai baki, babu wanda ta bari, har manaja. Ta ce ga maharbi nan ya iso, yau wace takarda aka kashe. Lubor ya ciro takardar ya baje a kan tagar. Aka yi ta zura yatsa a ramin ana fito, wani ya ce da wannan ai gasar Asabar tasa ce, wani ya ce ƙarya ne, da biro ya huda. Ya ji daɗi, ba a ɓoye ba. Ya sa hannu, ya karɓi makulli, ya tafi yana jin ƙafafunsa sun yi sauƙi.

Kuma tuƙin ya tafi daidai. Rana ce mai kyau ta farkon zafi, itatuwan bakin kogi suna ta sakin farar audugar nan tasu da ke yawo a iska kowace shekara. Ya buɗe 'yar tagar gefensa. Ya tsaya inda ake tsayawa, ya jira tsofaffi suka hau, ya kaɗa wa wani mai keke ƙararrawa tun daga nesa. Yana ganin komai, har lambar motar da ke gabansa. Ya zagaya layin sau ɗaya, ya kama na biyu, ya fara raina Hynek a ransa. Tsoho ya zauna cikin rami da ƙarafa har ya fara ganin kansa likita.

A babbar mahaɗar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ya tsaya yana jiran hannu. Direbobin tarago ba jan wuta da kore suke bi ba. Nasu ɗan baƙin akwati ne a jikin turke mai fararen ɗigogi, suna kiransu wake. In waken sun jeru a kwance, ka tsaya. In sun miƙe a tsaye, ka wuce. Lubor yana kallonsu a kwance sai iska ta kwaso audugar nan ta taga ta watsa masa a fuska, wani sili ya shige idonsa na hagu.

Zafi ya sa ya runtse shi, hawaye ya cika. Ya sa bayan hannu yana murzawa, idon dama yana kan turken.

Ga turken, ga gefen akwatin, ga wayoyin sama. Waken babu. Ba a kwance suke ba, ba a tsaye ba, toka ce kawai a wurin. Ya sauke ido kan hanya. Wata mata tana tsallakawa dab da hancin taragon da jakar cefane mai taya. Yana ganin tayoyin jakar suna juyawa, yana ganin takalmanta masu ruwan ƙasa suna takawa ɗaya bayan ɗaya. Daga gwiwa zuwa sama babu kowa.

Hannunsa yana kan sandar tuƙi. Ya ɗauke shi a hankali ya ɗora a cinya, ya danne da ɗayan. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Taragon da ke bayansa ya fara kaɗa ƙararrawa, wani fasinja ya ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninsu ya ce an ba da hannu tun ɗazu. Idon hagun ya buɗe da ƙyar, ja, yana zubar da ruwa. Waken sun riga sun koma kwance. Matar ta kai ɗaya gefen, doguwa ce ashe, da koren gyale a wuya.

Da aka sake ba shi hannu ya ja taragon kamar mai ɗauke da ƙwai, ya tsallake mahaɗar, ya tsaya a tasha ta gaba. Ya buɗe ƙofofi duka, ya ɗaure birki, ya kunna fitilun tsayuwa. Ya sanar da fasinjoji cewa wannan taragon ya tsaya nan, su yi haƙuri su hau na baya. Aka fara saukowa ana gunaguni. Wata dattijuwa ta tsaya a bakin ƙofarsa ta ce, yallaɓai direba, kullum sai kayan nan naku sun lalace a kanmu. Ya ba ta haƙuri. Sai da ta sauka ya ɗauki oba-oba, ya faɗi lambar taragonsa da inda yake.

"Ina jin ka, maharbi," in ji Blanka. "Ka tare min layi. Me ya faru, birki ne ko ƙofar nan ta tsakiya ce kuma? In turo makaniki?"

Lubor ya kalli allon da ke gabansa. Duk fitilun suna nuna daidai.

"Taragon lafiyarsa lau," in ji shi. "Direba za ki turo."

Blanka ta tambaya, da wata murya daban, ko ya ji ciwo ne. Ya ce a'a. Ya ce in ta samu sarari ta duba masa ko likitan ma'aikata yana nan har yamma.

Ya mayar da oba-oba mazauninta, ya zare makulli, ya tashi daga kujerar. Ya koma baya ya zauna a ta fasinja ta farko, wadda ake bar wa tsofaffi, yana jiran wanda zai zo.